Wane Patel Kake Nema?

Ranar da muka sauka a Ahmadabad, babban birnin kasuwanci na jihar Gujarat a yammacin Indiya, ba abin da na riƙe da kyau kamar wata 'yar takarda mai ɗauke da sunan likitan da zai yi wa Baffa aikin gwiwa. Na miƙa ta ga matar da ke karɓar baƙi a asibitin, na ce Dokta Patel muke nema. Ta ɗago kai ta ce, wanne daga ciki? Sai ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, na ga jerin likitoci, wannan na ƙashi, wancan na zuciya, wata ta yara, kowa Patel. Da muka fito sayen magani, allon kantin Patel. Mai gidan da muka kama haya, shi ma Patel.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne, lalle wani attajiri ne Allah ya yi wa albarkar zuriya, ya baza 'ya'ya da jikoki a kowace sana'a. Da ma'aunin gida na auna. A Kano in ka ji an ce Ɗantata, ka san gida ɗaya ake nufi, kakan ma ana iya nuna maka unguwarsa. Kwana uku ina yawo da wannan fahimtar, har na taɓa ce wa mai kantin magani ya gaishe mini da ɗan'uwansa likita. Ya amsa da fara'a, amma na ga alamar bai gane wanda nake nufi ba.

Su ma sun yi mamakinmu. Da aka zo sa hannu a takardar amincewa da aiki, akawun ya duba fasfona, ya duba na Baffa, ya tambaya ko ni makwabcinsa ne. Na ce ƙanen mahaifina ne, ciki ɗaya. Ya ce to me ya sa sunanmu na ƙarshe ya bambanta? Na yi masa bayani cewa sunana na ƙarshe sunan mahaifina ne, na Baffa kuwa sunan nasa mahaifin. Ya yi shiru, sannan ya ce, ke nan a wajenku kowace haihuwa sunan gida sabo ake yi. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. A wurinsu suna hawa uku ne: naka, na mahaifinka, sannan na asali wanda ba ya motsi. Babban jagoransu ma cikakken sunansa Vallabhbhai Jhaverbhai Patel, na tsakiyar nan na mahaifinsa ne.

Mai gidanmu ne ya warware mini ƙullin. Dattijo ne da ya haura saba'in, yaran unguwa suna ce masa kaka. Na ɗauka irin namu kakan ne, ashe a harshensu kaka ƙanen uba ne ko wansa, wato baffa, kuma da shi ake girmama duk wani babba. Haka mama a wurinsu kawu ne, ɗan'uwan uwa. Ni ma sai na bi sahu ina ce masa Kaka, ta yi daidai ta kowane ɓangare. A tsakiyar falonsa akwai lilo na katako da sarƙoƙin tagulla, faɗinsa ya ɗauki mutum biyu, a kai yake shan shayi da yamma yana tura shi a hankali da ƙafa ɗaya. A nan na tambaye shi wane ne Patel na farko.

Ya ce, “Ɗana, babu shi. Patel ba mutum ba ne, aiki ne.”

A ƙauyukan Gujarat na da, patel shi ne shugaban gari. Shi ya san iyakar gonar kowa, shi ke tara harajin amfanin gona ya kai wa masu mulki, tun zamanin sarakunan Mugal har Turawan Ingila suka zo suka tarar da tsarin, suka ci gaba da aiki da shi. Masana harshe suna danganta kalmar da wata tsohuwa, pattakila, mai ma'anar shugaban ƙauye. A jihar Maharashtra da ke makwabtaka da su, Patil ake cewa, sarautar kuma ɗaya ce. Ina jin haka na ce a raina, ai wannan Maigari ne. Mu ma muna da masu amsa sunan Maigari da Galadima da Waziri da Ciroma, kuma ba wanda zai ɗauka Galadiman Katsina da na Zazzau uwa ɗaya uba ɗaya suke. Abin yana gabana tun a gida, sai da na ƙetare teku na gan shi.

Bambancin shi ne yawa. Wata babbar al'ummar manoma da ake kira Kanbi ce ta rungumi sunan kusan gaba ɗayanta. Waɗanda suka mallaki kaso a ƙasar gari cikinsu ana ce musu Patidar, wato masu riƙe da rabon ƙasa, kuma su ke haɗuwa su ɗauki nauyin harajin garin. Da arziki ya samu ta hanyar auduga da taba, sai wannan lakabi ya zama abin so, sauran ma suka koma amsa shi, sunan Kanbi ya ja baya. Sun kasu manyan rassa biyu, Leva da Kadva. Kuma ba mabiya addinin Hindu kaɗai ke da sunan ba. A masallacin da nake zuwa Juma'a na haɗu da wani Musulmi ɗan yankin Bharuch, shi ma Patel, domin kakanninsa su ne masu garinsu. Danginsa suna Afirka ta Kudu da Zambiya da arewacin Ingila.

Da Baffa ya fara takawa da sanda, Kaka ya ce sai ya kai ni in ga tushen. Muka ɗauki hanyar kudu maso gabas, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, zuwa yankin da suke kira Carotar, wajen garuruwan Nadiyad da Anand. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kore shar, gonakin taba da ayaba, ga ɓakane baƙaƙe ƙirin a ɗaure a ƙofar gidaje kamar yadda muke ɗaure saniyar tatsa. Ɓauna a wurinmu naman daji ce, maharbi ma yana shakkarta, amma a nan na ga yarinya tana jan ta da igiya. A Nadiyad aka haifi Vallabhbhai Patel a 1875, wanda suke kira Sardar, mutumin da ya haɗa ɗaruruwan masarautu cikin ƙasar Indiya bayan samun 'yanci a 1947. Mutum-mutuminsa da aka buɗe a 2018 a bakin kogin Narmada tsawonsa mita 182 ne, babu wanda ya kai shi a duniya. A Anand kuma, a 1946, wani Patel ɗin, Tribhuvandas, ya jagoranci masu kiwo suka kafa ƙungiyar gama kai ta sayar da madara, wadda ta zama Amul. Na tsaya na kalli mata da safe a layi da tulunan ƙarfe, ana auna madarar kowace, ana gwada maiƙonta, ana rubutawa. Na tuna matan Fulaninmu da ƙwarya a ka suna bin rana gida gida, raina ya sosu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne garin Darmaj. Ƙauye ne a lissafi, amma titunansa a share, ga rassan bankuna a jere, ga manyan gidaje masu bene. Sai dai yawancin ƙofofin da kwaɗo a jiki, tagogi a rufe, tattabaru sun mamaye baranda. Na tambaya ko annoba aka yi. Kaka ya riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sandarsa: mai wannan yana Landan, wancan yana Nairobi, na kusurwa yana Amurka. Sai lokacin sanyi, wajen Disamba da Janairu, suke dawowa a buɗe gidajen a yi bukukuwan aure, sannan a sake kullewa.

A gindin wata bishiya ya ba ni labarin yadda aka watse. Mummunar yunwa ta faɗa wa Gujarat a 1899 zuwa 1900, gonaki kuma suna ta ƙanƙancewa saboda rabon gado. A daidai lokacin Turawa suna shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya, wanda aka fara a 1896 aka kai bakin tafkin a 1901. Akasarin leburorin daga Panjab aka kwaso su, amma mutanen Gujarat sun bi bayan jirgin, wasu akawu, wasu masu ɗan kanti da ake kira duka a bakin tasha. Wanda ya zauna da gindinsa sai ya aika a turo masa ƙane ko ɗan ƙanwa. Kaka kansa a Jinja ta Uganda aka haife shi, kuma har yau Sawahili na bakinsa. Da safe yakan ce wa Baffa habari, Baffa ya ce labari sai alheri, su yi ta murna sun gano kalma ɗaya ce.

A watan Agustan 1972 Idi Amin ya ba mutanen Asiya kwana 90 su bar Uganda. Kaka ya ce da akwati ɗaya suka fito, mahaifiyarsa ta bar tukwanenta a kan murhu. Kimanin 28,000 Ingila ta karɓa. Hukumar birnin Lesta har talla ta buga a jaridar Uganda Argus tana ba su shawara kada su zo, suka zo duk da haka, yau kuma titin Belgrave na birnin cike yake da shagunansu na zinariya da tufafi. Ban iya sauraron wannan a matsayin labarin wasu ba. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, kuma cikin waɗanda suka dawo a bayan manyan motoci har da mutanen unguwarmu da aka haifa a zangon Kumasi. Da na faɗa masa, ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

Daga Ingila da Afirka da Gujarat ɗin kanta, hanya ta miƙe zuwa Amurka, musamman bayan an sassauta dokar shige da fice a 1965. A can suka kama sana'ar ƙananan masaukai na bakin hanya. Dabarar mai sauƙi ce: dangi su haɗa maka kuɗi ba tare da takarda ba, ka sayi tsohon masauki, ka zauna a ciki da iyalinka, mata da yara su yi wanki da shara, in ka farfaɗo kai ma ka ɗaga na bayanka. Ƙungiyar masu otal 'yan asalin Asiya da aka kafa a 1989 ta ce membobinta ke da kusan kashi 60 cikin ɗari na otal ɗin ƙasar, kuma Patel sun fi kowa yawa a ciki. A ƙidayar Amurka ta 2010 masu sunan sun kusa 230,000, ya shiga cikin sunaye ɗari da suka fi yawa. Priti Patel, wadda ta riƙe ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya daga 2019 zuwa 2022, iyayenta ta Uganda suka bi.

Na tambayi Kaka, in biyu suka haɗu a wata uwa duniya, tunda sunan bai nuna jini ba, ta yaya suke gane juna? Ya ce tambaya ɗaya ce: wane gari? Daga amsar za a san reshenka, da gidan da kakarka ta fito, da ko za a iya ba ka rance ko 'ya. Akwai garuruwa shida, ciki har da Darmaj da Nadiyad da Karamsad, da suka daɗe suna aure a tsakaninsu. Mu mun saka garin a cikin sunan, muka ce Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Su sun saka sarautar, garin kuma suka bar shi a baki.

Ban dawo da sha'awa zalla ba. A gonakin Carotar na ga masu tsinkar ganyen taba, na tambaya ko su ma Patel ne, aka ce a'a, aka kawar da zancen. Igiyar da ke jawo ɗan dangi zuwa Amurka ita ce ke barin ɗan leburan a inda kakansa ya tsaya. Cikin masu sunan ma ba kowa ke da ɗan'uwa a waje ba. A watan Agustan 2015 dubun dubatar matasansu sun cika wannan birni na Ahmadabad suna neman a ware musu gurabe a makarantu da aikin gwamnati, domin gona ta daina riƙe gida. Mu da sunanmu ke sauyawa kowace haihuwa, aƙalla ɗan talaka ba ya yawo da tambarin asalinsa a fasfo. Amma kuma jikana ba zai ɗauki sunan mahaifina ba, kuma wannan bai taɓa damuna ba sai a Darmaj, gaban ƙofar da aka rubuta sunan gida ɗaya tun kakan kaka.

Daren da za mu taso, Kaka ya zaunar da Baffa a kan lilon, aka kawo madarar da aka kaɗa aka sa mata gishiri, mai kama da tsala. Ya ce in tambayi Baffa kakanni nawa ya sani. Baffa ya ajiye kofi, ya fara ƙirgawa da yatsu, wane ɗan wane, har bakwai, da garin da kowanne ya zauna, da wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Ni a na huɗu na tsaya.

Na ce, “Baffa, a maimaita mini a hankali.”

Ya ce, “Sai yau ka tambaya?”

Takardar da ke aljihuna ita ce ta kantin magani, mai sunan Patel a samanta. Na juya bayanta na fara rubutawa.