Daga Kornaka Zuwa Tibiri Tare da Mai Goge

Jama'a, a cikin hunturun 2023 na yi tafiya daga Kornaka zuwa Maraɗi. A tasha na tarar da wani dattijo mai goge na wani ƙauye kusa da mu. An kira shi wasan buki a Tibirin Gobir. Ya rungume gogensa cikin tsohon zane kamar jariri.

Karen mota ya ce a miƙo kayan a ɗaure bisa, tare da buhunan hatsi da wake. Dattijo ya ƙi. Gardama ta yi tsawo har fasinja sunka fara gunaguni. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ga kamar rigima ce kawai. Daga baya anka bar shi ya aza abinsa bisa cinya.

Da munka kama hanya na ce, "Baba, mi ya hana ka bari a ɗaure shi?"

Ya ce, "Malam, an taɓa ɗaure mini wani. Igiya ta matse shi, buhu ya danne shi. Da munka sauka ƙwarya ta rabe biyu. Na koma gida ba ko dala, kuma masu buki ba su sake kirana ba."

Kun san yadda goge yake. Rabin ƙwarya ce, an rufe bakinta da fatar guza, an soka sanda, an ja tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki. Ba ƙarfe ne ba. Rana na taɓa shi, raɓa na taɓa shi. Da damina fata takan yi sanyi ta saki, murya ta mutu, sai an kanga ta ga wuta. Da hunturu kuwa iska na busar da kome, fata ta ɗame, in an bar shi a rana ƙwarya ta tsage. Shi ya sa ya zaɓi gefen mota wanda rana ba ta bugu.

Bayan mun wuce Sabon Mashi mota ta tsaya, taya ta yi faci. Munka zauna a inuwa. Nan ya buɗe wata ƴar jakar fata da ke rataye a wuyansa, ya nuna mini abin da ke ciki.

Na farko izga ce, ƙulli biyu, a naɗe cikin tsumma don kada ƙwari su ci. Ita ce tsirkiya, ita ce kuma gashin bakan da ake gogawa. Gashi na tsinkewa ɗaya ɗaya cikin wasa, har tsirkiya ta sirance. Ya ce ta ingarma yake nema, don ta goɗiya fitsari na ɓata ta. Wagga izga ita ce wahalarsa babba. Da can, in ji shi, gidan da ke da hali ba ya rasa doki. Yanzu babur ya shiga ko'ina, dawaki sun ragu a ƙauyuka. Sai ya bi barorin sarakai ko ya jira ranar kasuwa ya roƙi masu doki. Wanda ya fita ba izga ta biyu, in ta tsinke mishi da dare a garin baƙunta, wasa ya tashi ke nan. Makiyaya da masu doki, in mai goge ya roƙe ku ƴan gashi, ku san ba wasa ya kawo shi ba.

Sai ƙaro, cikin gwangwanin tumatir. Ba kowane ƙaro ba, ƙaron maje, wanda ake kawowa daga kudu, don maje ba icen rairayinmu ba ne. Ana shafa shi ga izga. In babu shi baka na zamewa bisa tsirkiya, ba ka jin kome sai huci. Ƙwaya guda tana kai shi wata da watanni, amma ba ya yarda ya bar ta a aljihu, zafin jiki na sa ta danƙo.

Akwai kuma jaki. Ba na kaya ba! Ɗan ice ne mai ƙafafu da ake azawa bisa fata, tsirkiya ta hau kansa. Bai kai tsawon yatsa ba, in ya faɗi cikin rairayi da dare ya tafi. Uku yake ɗauka. In zai yi tafiya yakan cire jakin, don kada ya huda fata in mota ta faɗa rami.

Sauran ƙananan kaya ne: reza, basilla, zare mai ƙarfi, ƴan ƙusoshi, ashana, guntun fatar guza na faci, da babbar leda saboda ruwan sama.

Na tambaye shi ko bai iya sa zaren nailan na kamun kifi, kamar yadda masu gurmi da molo ke yi yanzu. Ya yi dariya. Ya ce su da yatsa suke kaɗawa, nailan ya ishe su. Shi gogawa yake yi, kuma kunnen Gobirawa ya san muryar izga. Matan Buzaye masu kiɗan anzad su ma da gashin doki suke aiki. A 2013 hukumar UNESCO ta sa kiɗansu cikin gadon duniya, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Da na gaya mishi haka, sai ya ce to, su ma Allah Ya bar musu dawaki.

Mun iso Tibiri bayan la'asar. Yaran gidan buki na jiransa bakin hanya. Bai bi su nan da nan ba. Ya nemi mai shayi, ya kanga fatar ga gawayi kaɗan, ya aza jaki, ya shafa ƙaro, ya ja baka sau biyu. Gashi guda ya tsinke. Ya yanke shi da reza, ya maida rezar cikin jaka, ya ce mini, "Malam, sauka lafiya." Mota ta tashi da mu zuwa Maraɗi.