Hoton Da Ba Mu Ɗauka Ba



A 2010 ina aji biyu a sakandare a Anka lokacin da yara suka fara mutuwa a ƙauyukan da ake dakan duwatsun zinari, irin su Dareta da Abare, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankara, gwajin jini ya nuna gubar dalma ce daga ƙurar duwatsun da ake dakawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Cikinsu har da ɗiyar yayata, shekararta biyu.

Ba mu da hotonta ko ɗaya. Mai hoto yakan zo ranar Sallah, amma yaya ta ce a bari sai yarinya ta ƙara wayo. Allah bai nufa ba.

Da na mallaki waya, na taɓa rubuta sunan Anka a intanet don in ga yadda duniya ta san mu. Abin da ya fito: yara a gadon asibiti, maza cikin ramin zinari, sai 'yan gudun hijira da 'yan bindiga suka koro. Babu ƙarya a ciki. Irin waɗannan hotuna, kamar na Marcus Bleasdale da ya ɗauka wa ƙungiyar Human Rights Watch, sun taimaka wajen tayar da hankalin duniya, har aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013. Sai dai ban ga yarinya mai bin kaji a tsakar gida tana dariya ba. Wannan mu kaɗai muka gan ta, kuma ba mu ajiye ba.

Ina cikin wannan damuwa na ci karo da aikin Fati Abubakar. 'Yar Maiduguri ce, a can aka haife ta, a can ta tashi. Aikin jinya ta karanta a Jami'ar Maiduguri, sannan ta tafi Landan ta yi digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. A lokacin, duk labarin da ake bugawa game da garinsu bai wuce bam da gawa da Boko Haram ba. Da ta dawo gida a 2015 sai ta ɗauki kyamara ta shiga gari, ta buɗe shafi a Instagram mai suna Bits of Borno. Tana ɗaukar 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da 'yanmata cikin kwalliyar Sallah, da masu biki. Ba ta kauce wa sansanonin 'yan gudun hijira ba, amma ko can ɗin sai ta tsaya ta saurari mutum, ta rubuta maganarsa a ƙarƙashin hotonsa. Sannu a hankali aikin ya kai manyan kafafen duniya irin su BBC da New York Times.

Abin da ya taɓa ni shi ne, ba ta ce garinsu lafiya lau yake ba. Ta dai ƙi yarda a ce bala'in shi ne garin.

Sallar da ta wuce na ce wa mahaifiyarmu ina so in ɗauke ta hoto tana tankaɗe.

Ta ce, "Kai ɗan nan, mi za ka yi da hoton tsohuwa cikin gari da toka?"

Na ce, "Inna, don jikokinki."

Ta yi shiru, na san wadda ta tuna. Sai ta gyara kallabi, ta ce, "To ɗauka."

Mu marubutan yammacin Zamfara muna da irin wannan rauni. Labarinmu ko dai na soyayya ne a wani katafaren gida na Abuja da ba mu taɓa shiga ba, ko kuma jini daga shafin farko har na ƙarshe. Tsakanin biyun akwai rayuwar da muke ciki: Anka mai fadar Sarkin Zamfara, ranar kasuwa, manomin da ke leƙa gonarsa da tsoro amma bai fasa shuka ba, matar Gummi da ta sake ɗora tukunya bayan ambaliyar 2024 ta ci ɗakinta. Baƙo zai zo ranar masifa, ya yi aikinsa, ya tafi. Sauran ranakun sai ɗan gida.

Wannan makon, kowa ya zaɓi mutum ɗaya a unguwarsu, ya zauna da shi, ya nemi izininsa, ya rubuta shi yadda yake. Kada a bari sai ya ƙara wayo.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.