Igiya Ta Tsinke A Teku, Magani Ya Maƙale A Jimeta

Ran Alhamis 14 ga Maris, 2024, azumi yana da kwana huɗu, na ɗauko Goggona daga cikin garin Yola muka nufi wani asibitin kuɗi a Jimeta. Wanda ya san Yola a watan Maris ya san ba a wasa da ranarta. Tun da hantsi iska take busowa kamar daga bakin maƙera. Goggo tana fama da hawan jini, maganinta kuwa ya ƙare tun daren Laraba.

Likita ya duba ta, ya rubuta magani, muka tafi wurin biya. Yarinyar da ke bayan taga ta ce, "Malam, sai haƙuri, babu sabis." Na gwada turawa ta waya, abu ya ƙi. Na fita na yi ta zagaya masu POS har na haɗa tsabar kuɗi, na dawo ina murna. Sai ta ce ai ko tsabar ma ba ta da ikon karɓa, domin na'ura ce ke ba da lambar rasit, mai ba da magani kuma ba ya sakin ko ƙwaya ɗaya sai da lambar. Ga kuɗi a hannuna, ga magani ina hangensa a kan kanta, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Goggo ta dube ni ta ce, "Ɗana, shi wannan Sabis ɗin, ba wanda ya san gidansa ne a je a kirawo shi?"

Da maraice a ɗakin labarai na sami amsar tambayarta. Manyan igiyoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga duhu, bankunan Nijeriya suka yi ta ba mutane haƙuri. Cikin 'yan kwanaki aka karkatar da yawancin zirga-zirgar ta wasu igiyoyin, amma ɗinke waɗanda suka tsinke ya ci makonni, sai da jiragen ruwa na musamman suka zo.

Mu mutanen Adamawa ba baƙin ɗaukewar sabis ba ne. A watan Mayu na 2013, sa'ad da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an rufe layukan waya, ba mu sake jin kira ba sai a watan Yuli. Mun sha wuya, amma a lokacin ina tuna asibitin unguwarmu yana da kati da babban littafi, kuma aiki bai tsaya ba. Abin da ya sauya cikin shekaru goma sha ɗaya shi ne, an ɗauke littafin an kai shi wata ƙasa.

Wani aminin yayana, wanda nake kira Hamma, shi ke kula da kwamfutocin wani kamfani mai rassa a Jimeta da Mubi da Numan. Shi ya buɗe mini ido. Ya ce manhajar da irin waɗannan wurare ke aiki da ita ba a cikin na'urar da kake gani a tebur take zaune ba. Tana can cikin uwar na'ura, wadda su ke kira saba, a Legas ko ma a Turai. Duk gyaran da masu manhajar suka yi, daga can ake turo shi, galibi da dare, ya sauka a kan kowace na'ura. "Ƙanena," in ji shi, "ɗaukewa gaba ɗaya ba ita ke hana ni barci ba. Wadda nake tsoro ita ce ta tsakiyar hanya. Gyara ya sauka a Jimeta, bai kai Mubi ba, sai layi ya yanke. Gari ya waye, rabin na'urorinka suna magana da sabon harshe, rabi da tsoho, kowace kuma tana ganin ita ce daidai." Abin takaici kuma, maɓallin da za a danna a koma tsohon tsari shi ma yana can wancan ƙetaren igiyar da ta tsinke.

Da farko na ɗauka ƙorafin ma'aikaci ne kawai. Sai ga shi a watan Mayu na 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye, ya amsa cewa an yi gyaran manhaja wanda bai sauka daidai ba a sabobin cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Ɗalibai 379,997 aka ce su sake zana jarrabawa. Na'urorin ba su mutu ba, ba su yi ƙara ba. Sun yi ta ba da maki na ƙarya cikin natsuwa. Kafin wannan, ran 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura gyara mai aibi ga abokan cinikinsa a lokaci guda, kwamfutoci wajen miliyan takwas da rabi suka sandare, jiragen sama suka kasa tashi. A ranan intanet lafiyarta lau, ita ce ma ta yi dakon cutar. Aka koma bin na'urori ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Saboda haka ni yanzu in an ce mini babu sabis, ba teku nake fara zargi ba. Igiya za ta tsinke, wannan ba makawa. Tambayata ga masu asibiti da banki da makaranta ita ce, wa ya zauna ya yanke cewa in ta tsinke kowa ya naɗe hannu? Me ya hana a ajiye ƙaramar saba a harabar, ko a gwada gyara a reshe ɗaya kafin a watsa wa sauran, ko ma a bar littafi da biro cikin aljihun tebur, a kuma ba ma'aikaci izinin buɗe shi? Wannan na ƙarshen ko naira dubu biyu bai kai ba.

Littafin ne dai ya fisshe mu a ranan. Bayan la'asar wata dattijuwar nas ta ga yadda Goggo ta jingina da bango, ta shiga ofis ta yi magana da babbansu, ta fito da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ta ja layi da rula, ta rubuta sunan Goggo da maganin da kuɗin, ta sa na sa hannu. Kafin mu fita, mutum tara sun bi layi a bayanmu. Ran Litinin na koma karɓar rasit, na tarar tana zaune tana karanta wa yarinyar taga sunayen ɗaya ɗaya, ita kuma tana shigarwa, sun kai shafi na shida.