Ranar da Autana Ya Ƙi Taka Ƙasa

Yau labarin autana zan ba ku, domin abin da ya same ni yana iya samun kowace mai goyo.

Ran nan da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, sai ya diro daga kan dakalin ƙofar ɗakina. Shekararsa 2 da 'yan watanni, dakalin kuwa bai fi kamu ɗaya ba. Ya yi kuka, na rarrashe shi, ya yi shiru. Na duba ƙafar, ba jini, ba kumburi, ba ta kuwa karkace ba. Amma da na ajiye shi sai ya ɗage ƙafar hagu, ya ƙi taka ƙasa. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, sai ga shi ya koma rarrafe.

Surukata ta ce shagwaɓa ce irin ta 'yan auta. Da gari ya waye bai taka ba, sai ta ce, "To, targaɗe ne, ki gasa masa da ruwan zafi, ki murza da man shanu." Ba na ɓoye muku, na gasa, na murza. Ko da yatsana ya kai ƙaurinsa, sama da idon sawu kaɗan, sai ya ƙwala ƙara. Na taɓa gwiwa, shiru. Na taɓa tafin ƙafa, shiru. Na komo wurin nan, sai ƙara. Nan jikina ya yi sanyi.

Ku lura da wannan, gama shi ne abin da ban sani ba a lokacin. Ƙashin babba kamar busasshen kara ya ke, in ya karye sau da yawa a kan gani. Na ƙaramin yaro kuwa kamar ɗanyen reshe ne, ya kan lanƙwashe, ko ya tsage ta gefe guda, ba tare da ya rabu biyu ba. Saboda haka yaro ya kan karye ba a ga kome a waje ba. Kuma a wannan shekaru karaya ta fi targaɗe saurin samuwa. In yaro ya ƙi taka ƙafa, ko ya bar hannu a sake ba ya miƙa shi ko da an ba shi alewa, ko kuwa akwai wuri ɗaya tak da ba ya yarda a taɓa, ku ɗauka karaya ce sai likita ya ce ba ita ba ce.

Surukata ta ce a kira maɗori. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi mini haƙuri, a fara kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin." Ba ta ji daɗi ba, ta ce 'ya'yanta duka ba wanda asibiti ta ɗora. Maigida ne ya raba gardamar. Ni ban raina maɗora ba, sana'ar gado ce. Sai dai maɗori ba ya ganin cikin ƙafa, kuma abin tsoro shi ne ɗaurin da ya yi tsanani. In aka tamke kara a kan gaɓar da ke kumbura, jini ya kan kasa wucewa, naman ya mutu, har a kai ga yanke hannu ko ƙafa. Kowane irin ɗori aka yi, na gida ko na asibiti, ku riƙa duba yatsu. In sun yi sanyi, ko sun kumbura, ko launinsu ya sake, ko yaro ya kasa motsa su, ko kukansa sai ƙaruwa ya ke yi, kada ku jira gari ya waye.

Abin mamaki, hoton farko bai nuna kome ba. Na ji kunya, na ce yau na shiga uku wajen Inna. Likita ya ce kada in damu, irin wannan tsagewa siririya ce kamar gashi, ta kan sami yara daga wata 9 zuwa shekara 3 in ƙafa ta murɗe, kuma sau da yawa ba ta fita a hoto sai bayan kwana 10 zuwa 14, sa'ad da sabon ƙashi ya fara tsirowa. Ya sa masa farin filasta mai tauri. Ya kuma tambaye ni ko jikinsa ya yi zafi, ko muna da amosanin jini a gida, watau sikila, domin ɗingishi da zazzaɓi wata cuta ce dabam mai neman gaggawa. Murzar da na yi kuwa, ya ce kada in ƙara.

Abin da ya kamata in yi tun farko kaɗan ne. A bar gaɓar yadda aka same ta, kada a ja, kada a miƙe ta. A tallafe ta da matashi ko zane a naɗe, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi kamar minti 15. Ana iya ba da farasitamol na yara gwargwadon yadda aka rubuta a kwalba, ban da asfirin. In gaɓar ta karkace, kada a ba shi abinci, watakila a sa shi barci kafin a gyara. In ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a tura shi ciki. In kuwa wuya ko baya a ke zato, kada a saɓa shi a kafaɗa.

Ku 'yan makaranta, ga taku. Ku bar fizgar ƙannenku ta hannu ɗaya in za ku tsallake kwata, ku bar lilo da su ta hannuwa. Gwiwar hannun yaro ta kan goce da haka, ya saki hannun ya ƙi motsa shi. Likita ya kan mayar nan da nan, amma sai kun faɗi gaskiyar abin da ya faru.

Da muka koma bayan mako 2 aka sake hoto, sai ga tsagewar ta fito. Na riƙo hoton har gida. Inna ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ta daɗe tana dubawa, ba ta ce uffan ba. Filasta ya yi mako 4 aka cire, auta ya yi ɗingishi 'yan kwanaki, sa'an nan ya koma gudunsa. Dakalin kuwa, Inna da kanta ta sa aka rushe shi.