Takardar da Ta Gagare Mu Karantawa

A hutun da ya wuce, Kawu ya dawo daga Segbana ta hanyar Tsamiya da wata takarda a aljihu. Ya kira mu, mu 'yan aji shida na gidan, ya ce: "To 'yan boko, ku karanta mini." Muka yi ta juya ta. Da Faransanci aka rubuta ta, harshen gwamnati a Jamhuriyar Benin, kuma ko layi ɗaya ba mu iya ba. Sai da ya biya wani ya fassara masa, ashe takardar harajin kayansa ce. Kawu bai yi faɗa ba, amma da wannan kunyar muka koma makaranta.

Mu 'yan Bagudo a cikin cinikin iyaka muka tashi. Da Hausa da Fulatanci ake cinikin albasa da shanu, a canza naira da sefa hannu da hannu. To amma yanzu a kwamfuta ake cike takardun kwastan, kuɗi kuma ta waya suke tafiya. Wanda ya iya waɗannan shi ake nema.

Ba mu manta da watan Agusta na 2019 ba, lokacin da aka rufe iyaka. Yayyenmu masu dakon kaya a babur suka koma zaman majalisa. Mai gyaran sola da ma'aikaciyar jinya kuwa ba su rasa abin yi ba, don babu shingen da ke tare ilimi.

Wuraren koyon ba su yi mana nisa ba. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Mai son Faransanci kuwa, akwai cibiyar koyar da shi a Badagry ta jihar Legas.

Da can kowannenmu likita ko lauya yake cewa zai zama, don sunan na da daɗi. Yanzu kafin mu cike fom ɗin JAMB muna tambayar kanmu: wane aiki ne mutanenmu ke biyan wani ya yi musu? Biyu daga cikinmu sun zaɓi lissafin kuɗi, ɗaya kwamfuta, ɗaya Faransanci.

Mun roƙi Kawu ya ajiye mana takardar. Ya saka ta a ƙasan akwatinsa, ya ce yana jira.