Ilimin da aka taka aka ɗauko a Navrongo

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Gana ya ga ƙananan gidajen lafiya da ake kira CHPS, amma kaɗan ne a cikinmu suka san ba a teburin ma'aikatar lafiya a Akra aka haifi tsarin ba. Asalinsa Navrongo ne, can arewa dab da iyakar Burkina Faso. A 1994 masu bincike na cibiyar lafiya ta garin, tare da ƙungiyar Population Council, suka fara da abin da jami'ai ba su cika yi ba: suka zauna da sarakuna da dattawa da mata, suna tambayarsu irin hidimar da za su karɓa. Daga baya aka raba gundumar Kassena-Nankana gida huɗu. Wani yanki aka kai masa nas ta tare cikin jama'a tana bin gida-gida a kan babur, wani aka ba shi 'yan sa-kai, wani duka biyun, na huɗu aka bar shi yadda yake. Inda nas ta tare, mutuwar yara ta ragu. 'Yan sa-kai su kaɗai ba su kawo wannan sauƙi ba.

Sau da yawa irin wannan sakamako a kabad yake tsufa. Wannan ya tsira ne domin ma'aikatan lafiya na Nkwanta, ƙarƙashin Dakta Awoonor-Williams, sun taka har Navrongo sun gani da idonsu, suka koma suka gwada da ɗan abin da gundumarsu take da shi. Nkwanta ƙasa ce mai ƙabilu da harsuna da yawa, dole suka rage rigar daidai jikinsu. A 1999 gwamnati ta ɗauki tsarin don ƙasa baki ɗaya.

Sai dai don ƙauye aka yanka shi, inda sarki ke ba da fili, jama'a su yi gayya su gina wa nas ɗaki. Nima da Aboabo ba haka suke ba. Fili ya yi tsada, gida guda cike yake da 'yan haya, matan da nas za ta nema da hantsi kuwa suna kasuwa. Masu sanin lokacin da ake samunsu da harshen da za a yi musu magana su ne sarkin zango da liman da magajiya da ungozoma. Wannan ma ilimi ne daga wajen ma'aikata, kuma a hannunmu yake. Amma sau da yawa sai an gama tsara komai ake kiranmu taro, a raba mana takarda da Turanci, a roƙi liman ya sanar bayan sallar Juma'a.