Ranar taron ma'aikatan lafiya

Ma'aikacin lafiya na ƙauye shi kaɗai yake aiki. Babu babban likita kusa da shi, babu wanda zai tambaya. In ya saba da kuskure, haka zai yi ta yin sa shekara da shekaru. Shi ya sa taron da ma'aikata suke yi tsakaninsu yake da amfani.

Akwai wata ma'aikaciya a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, kusa da Gulbin Kaba. In wata ya ƙare, sai ta rufe ɗakin magani, ta ɗauki littafin aikinta, ta tafi taro. Can take haɗuwa da takwarorinta na ƙauyukan kewaye. Kowa yana kawo labarin marar lafiya guda wanda ya ba shi wahala. Ba a yi wa kowa faɗa, ba a yi wa kowa dariya.

Wata damina an kawo mata yaro ɗan wata 8, jikinsa zafi, yana tari. Ta auna jininsa, babu masassarar cizon sauro. Ta ba da maganin zafin jiki, ta sallame su. Bayan kwana 3 aka ɗauki yaron bisa amalanke zuwa babban asibiti. Da ƙyar ya sha.

Ranar taro ba ta ɓoye ba, ta faɗi kome. Wani dattijo cikinsu ya tambaye ta ko ta ƙirga numfashin yaron. Ta ce mutane sun yi mata yawa, ba ta ƙirga ba. Nan take aka kawo agogo, kowa ya sake gwadawa. Ƙa'idar ita ce: yaro daga wata 2 har ya kusa shekara, in yana numfashi sau 50 ko fiye cikin minti guda, alamar ciwon huhu ce. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40 ne. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake aman kome, ko yake jijjiga, asibiti za a kai shi maza. Tun ranar, duk yaro mai tari sai ta ɗaga rigarsa ta ƙirga.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Maraɗi. A shekarun 1960 ƙauyuka suka fara zaɓen masu agaji da ungozoma. A lokacin ana koya musu aiki, a ba su akwatin magani, kuma a riƙa kiransu su taru a tuna musu. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga labarin aikin nan cikin littafi. Amma magani yana sakewa. Nibakin da aka dogara da shi da, ya daina kashe masassara, Nijar ta sauya shi a 2005. Wanda ba ya zama da ƴan uwansa, kan aikin jiya zai tsaya.

To, manoma da makiyaya suna da nasu rabo. Wanda ya tarar da ƙofa rufe ranar taro, kada ya ce an gudu daga aiki. In ciwon mai tsanani ne, ya wuce asibiti na gaba. Wanda aka ba ɗansa magani kuma, ya koma ya faɗi ko yaro ya warke ko bai warke ba. Labarin nan shi ne guzurin da ma'aikaci yake kaiwa taro. Mai tambaya ba ya ɓata.